Sayen fili da gina gida a Matameye: inda riba take, da inda ake faɗawa rami

 Yau maganar ƙasa za mu yi. Duk wanda ya ɗan tara jika ɗari biyar ko miliyan guda, shawarar farko da zai ji daga dangi ita ce: sayi fili, ƙasa ba ta ruɓewa. Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. Ƙasa ba ta ruɓewa, sai dai kuɗin da aka zuba a cikinta suna iya salwanta, kuma zumunci yana iya lalacewa a kanta. Za mu bi abin daki-daki: me ke sa fili tsada a nan, ina ribar take, kuma ta wace ƙofa asara ke shigowa.

Me ya sa ƙasa ke ƙara tsada a yankinmu

Dalili na farko mutane ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu kusan mutum dubu 400 a gundumar Kance, kuma tana cikin gundumomin da suka fi cunkoso a Nijar. A lokacin, yawan jama'ar ƙasar nan na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari kowace shekara, wato cikin shekara ashirin sai a ninka. Mutane na ƙaruwa, ƙasa tana nan yadda take. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne ke kallonta. Kowane saurayi da zai yi aure yana son ɗaki, kowane gida da ya cika yana son a fitar da wani sashe.

Dalili na biyu hanya ce. Matameye na kan titin da ya taso daga Takieta ya bi ta Ɗan Barto zuwa Kwangwalam da Daura, ga kuma hanyar Magarya. Garin da motoci ke ratsawa, kuma nan ne mazaunin perefe da ma'aikatun gunduma, ba ya rasa baƙi: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jami'an tsaro, fatake. Dukkansu suna neman wurin kwana, wasu kuma shago ko ma'ajiyar kaya.

Dalili na uku kuɗin ci-rani. Wanda ke waje ba ya iya kiwon shanu daga nesa, ba ya iya tsaron shago. Fili ne abin da zai saya ya bari ya koma bakin aikinsa. Idan masu saye suka yi yawa, farashi ya hau.

Inda ribar take

Babbar fa'idar ƙasa ita ce tana riƙe darajar dukiya lokacin da kuɗin takarda ke zubewa. Dattawa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a rana ɗaya. Ƴan'uwanmu da ke aiki a Najeriya kuwa sun ga nasu kwanan nan: a farkon watan Yunin 2023 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya ajiye nairarsa a ƙarƙashin katifa, ya zo canji a bakin iyaka, ya san abin da ya same shi. Wanda ya riga ya mayar da ita fili a gida, filinsa bai ragu da taku ɗaya ba.

Fa'ida ta biyu, fili ba ya ciwo, ba ya cin dusa, ɓarawo ba ya kora shi da dare. Kuma yana da wuyar taɓawa. Kuɗin hannu, biki ɗaya da suna biyu sun cinye su. Fili kuwa sai an yi shawara, an nemi mai saye, kafin nan zuciya ta huce.

Ta uku, idan an gina, akwai kuɗin haya da ke shigowa wata-wata, ko kuma mutum ya huta da biyan haya shi kansa. Ta huɗu, idan gona ce ko garka, tana ciyarwa. Garka a fadamun yankinmu, inda ake rake da kayan lambu, tana ba da amfani rani da damina. Gona mai gawo da yawa ta fi wadda aka share ƙarfi, kuma yankin Matameye, Magarya da Mirya ya yi suna har a ƙasashen waje saboda yadda manoma suka raya itatuwan gawo a gonakinsu. Mai sayen gona ya ƙirga itatuwan, domin suna cikin abin da yake biya.

Amma a yi lissafi kafin a yi murna

Mutane da yawa na ɗaukar gidan haya kamar rijiyar kuɗi. Mu ɗauki misali, alƙaluman namu ne don a gane hanyar lissafin, kowa ya sa na unguwarsu. A ce ka sayi fili miliyan ɗaya da rabi, ka gina ɗaki huɗu da makewayi da katanga a kan miliyan huɗu da rabi. Ka kashe miliyan 6 ke nan. A ce kowane ɗaki jika 10 a wata. Wata ɗaya jika 40, shekara jika 480. To, cire wata biyu da ɗakunan za su zauna babu kowa ko ɗan haya ya kasa biya, saura jika 400. Cire jika 50 na gyaran rufi, ƙofa, yashe masai da shafe. Saura jika 350. Kafin miliyan 6 ɗinka su dawo, sai ka yi shekara 17, ba a ma sa haraji a ciki ba.

Wannan ba ya nufin gini asara ne, domin bayan shekarun nan gidan yana nan, kuma filin ya ƙara daraja. Abin da yake nufi shi ne gida dukiya ce mai tafiyar hawainiya. Wanda ya ci bashi ya yi gini da niyyar kuɗin haya su biya bashin cikin shekara biyu ko uku, ya ɗaura wa kansa dutse. Sannan a ƙauye, inda kowa ke zaune a gidan gado, wa zai kama hayar? Gidan haya na cikin gari ne, kusa da kasuwa, tasha, makaranta ko asibiti.

Ramin farko: sayen abin da mai sayarwa bai mallaka shi kaɗai ba

Mafi yawan rigingimun ƙasa a wajenmu daga gado suke tasowa. Uba ya rasu, ba a raba gona ba, babban wa ne ke nomawa, kowa na ce mata gonar wane. Ranar da ya matsu sai ya sayar. Bayan shekara uku ƙanensa ya dawo daga Libiya, ko ƙanwarsa da ke aure a wani gari ta aiko ɗanta, a ce ba da yawunsu aka yi ba. Kuma suna da gaskiya. A shari'ar Musulunci mace tana da rabonta a gadon ƙasa kamar yadda take da shi a sauran dukiya, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi akwai haƙƙin shuf'a: wanda ya yi tarayya da wani a ƙasar da ba a raba ba, shi ya fi cancanta ya karɓi kason da aka sayar idan zai biya kuɗin. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: ta yaya ƙasar nan ta zo hannunka? In gado ce, an raba? Su wa suka halarta? Ina sauran magada, maza da mata?

Akwai kuma gonar aro da gonar jingina. Mutum na iya shekara ashirin yana noma wuri alhali aro aka ba mahaifinsa, ko jingina ce da ba a fansa ba. Daɗewa a gona ba ya mayar da ita taka. Maƙwabtan gona ta gabas da yamma, kudu da arewa, su suka fi kowa sanin tarihinta. A je a gaishe su, a tambaye su, ba a gaban mai sayarwa ba.

Sai sayarwa biyu. Fili ɗaya, mutum biyu ko uku, kowa da ƴar takardarsa. Wannan ya fi samun waɗanda ke nesa, domin mai ha'inci ya san ba za su zo dubawa ba sai bayan shekaru.

Rami na biyu: wurin da ba a sayarwa, da wurin da ba a ginawa

Akwai ƙasar da ba ta kowa ba ce, ta jama'a ce: burtali, makiyaya, mashayar dabbobi, filin makaranta, maƙabarta, gefen titi. Ko wa ya sa hannu a takardar, sayen burtali sayen fitina ne. Ranar da garke ya biyo hanyarsa ta kullum, ko hukuma ta zo dasa alamomin iyaka, ba ka da bakin magana.

A bakin gari kuma, a yi hattara da gonar da mai ita ya yanka da igiya ya ce fegi-fegi ne. Yankan filaye na hukuma, wanda muke kira lotisma, yana da taswira da aka amince da ita, da lambar kowane fili, da wuraren da aka ware don tituna da gine-ginen jama'a. Wanda ya sayi yankin gona ya gina kafin lotisma ta iso, yana iya wayar gari titi ya ratsa tsakar gidansa.

Sai maganar ruwa. Filin da ka gani da rani fes, da damina yana iya zama tafki. Daminar 2024 ta koya mana darasi: ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a faɗin Nijar, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi shan wahala, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rushe a farkon watan Satumba. Ruwa ba ya manta hanyarsa. In fili ya yi araha fiye da na kusa da shi, a tambayi dalili. Wanda zai iya, ya je ya ga wurin a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Gani ya kori ji.

Takardun da ke kare mai saye

A da, shaidu da goro sun isa. Yau shaidu na mutuwa, ƴaƴansu kuma ba su san abin da aka yi ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ke da dokar tsarin karkara, wadda aka fi sani da Kod Rural. Dokar ta amince da mallakar gargajiya, wato gonar da ka gada haƙƙinka ce ko ba ka da takarda, amma ta buɗe hanyar rubuta wannan haƙƙi. Ita ta kawo hukumomin kula da ƙasa da ake kira Kofo, kuma Mirya, nan maƙwabtanmu, tana cikin wuraren da aka fara kafa su. Akwai Kofo ta ƙauye a ƙarƙashin maigari, akwai ta kumin, akwai ta gunduma a ƙarƙashin perefe.

Idan gona ce ko garka, a je wajen Kofo a yi takardar shaidar saye. Akwai kuma takardar shaidar mallakar gado, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Kowace ma'amala da irin takardarta. A tabbata an taka iyaka a gaban maƙwabta, an rubuta sunayensu, an ajiye kwafi a wajen hukuma. Takardar da aka rubuta a shago tsakanin mutum biyu ba ta kai wannan ƙarfi ba.

Idan filin lotisma ne a cikin gari, takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa ita ce wadda za ku ga an rubuta acte de cession a kanta. Kada a tsaya ga ganin takardar a hannun dillali. A ɗauki lambar filin a je ma'aikatar, a duba rajista: sunan wa ke ciki? Shi ne mai sayarwar? Bayan an biya, a canza suna zuwa na mai saye, kada a bar shi sai wata rana. A kuma sa wanda ya iya karatu ya karanta sharuɗɗan da ke jiki, domin akan sa sharaɗin raya fili.

Takarda mafi ƙarfi ita ce titre foncier, wadda ake samu ta hannun ma'aikatar haraji, sashen rajistar filaye. Akwai nau'inta mai sauƙi da ake kira Sheda. Tana cin kuɗi da lokaci, amma ga wanda zai zuba miliyoyi a gini, ita ce katangar farko kafin ta siminti. Ita banki ke nema in ana son lamuni, kuma in aikin gwamnati ya biyo ta wurin, mai cikakkiyar takarda ya fi sauƙin karɓar diyya.

In rigima ta riga ta taso, ana farawa da sulhu wajen maigari, sannan wajen sarki, a rubuta abin da aka cimma ko aka kasa cimmawa, kafin a wuce kotu. Shari'ar ƙasa tana cin shekaru, wani lokaci ta ci fiye da kuɗin filin.

Ga ƴan'uwanmu da ke waje

Mun san yadda ake samo kuɗin nan. Gundumar Kance ba za ta manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga cikinsu ƴan yankin nan. Kuɗin da aka samo ta irin wannan hanya bai kamata a yi wasa da su ba.

Abin da ya fi cin masu ci-rani shi ne aike babu lissafi. Ana turo kuɗi wata-wata, ana cewa gini na tafiya, ranar dawowa a tarar da tushe da layin bulo uku. Ba kullum ba ne cin amana. Wani lokaci rashin lafiya ce ta taso a gida, ko hatsi ya ƙare, wanda aka ba riƙo ya taɓa da niyyar mayarwa. Maganin abin shi ne a raba aljihu: kuɗin cefane daban, kuɗin gini daban, kuma a faɗa wa kowa. A turo ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana ko Al Izza, a ajiye rasit. A biya magini mataki-mataki: tushe, tsayin taga, linta, rufi. Kowane mataki a ga hoto ko bidiyo ta WhatsApp, tare da wani mutum na biyu da ba shi ke riƙe da kuɗin ba.

Sunan da ke kan takarda kuma ya zama naka. Da yawa sukan ce a sa sunan yaya ko baba, ai duk ɗaya ne. Ranar da mai sunan ya rasu, filin ya shiga gado, a raba da kai a ba ka kaso cikin abin da guminka ya saya. Mata masu aiko da kuɗi, wannan magana ta fi shafar ku. Neman takarda ba rashin yarda ba ne, Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu.

Fili ba ya zama kuɗi ranar da kake so

Akuya, in ka kai ta kasuwa da safe, da yamma kuɗi na aljihunka. Fili ba haka yake ba. Ranar da ciwo ya kama, ko ake neman kuɗin makaranta, mai sayen da zai zo ya san ka matsu, kuma farashin matsi zai ba ka. Harkar garinmu kuma a ɗaure take da bakin iyaka. Mun gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun sake gani bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa farkon 2024. In fatauci ya tsaya, ɗan haya ya kasa biya, mai sayen fili ya ɓuya. Don haka kada mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a ƙasa. A bar wani abu a dabba, a hatsi ko a jari, wanda za a iya taɓawa da sauri.

Haka nan a yi hankali da farashin jita-jita. Da an ji za a yi titi, ko kasuwa za ta tashi, sai dillalai su ninka kuɗi. Layin dogon da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi, misali, ta Daura da Katsina da Jibiya aka tsara shi, ba ta Matameye ba. Wanda zai saya saboda wani aiki da ke tafe, ya je ma'aikatar da abin ya shafa ya ji da kunnensa. Kayan gini ma farashinsu na motsi. Gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoban 2024, amma ƙarfe, kwano da katako suna bin kasuwa. A yi lissafin gini har rufi kafin a haƙa tushe, domin kangon da ya sha damina uku babu rufi, rabinsa ya koma ƙasa.

Kalma ga mai niyyar sayar da gona

Duk cinikin da wani ya ci riba, akwai wanda ya rabu da abinsa. Manomin da ke bakin gari, idan aka nuna masa miliyan biyu a dunƙule, abin da bai taɓa riƙewa ba, zuciya takan tashi. Sai a sayi babur, a yi aure, a gyara ɗaki, shekara biyu kuɗi sun ƙare, mai gona ya koma ɗan ƙwadago a gonar wani. Gona tana ba da gero, wake, harawa da kara kowace shekara, kuɗinta kuwa sau ɗaya ake karɓa. In matsuwa ce, a fara duba haya ko jingina da takardar Kofo, domin su ana dawowa daga gare su. In kuwa sayarwar ta zama dole, a sayar da yanki, ko a sayi wata gonar a ciki-ciki kafin a taɓa ragowar kuɗin. Kuma a zauna da iyali tukuna, har da matan gida, domin su ma daga gonar suke ci.

Abin da za mu riƙe ke nan, jama'a. A san asalin ƙasar da duk masu haƙƙi a kanta. A taka wurin da ƙafa, da damina in da hali. A yi takarda a gaban hukuma, da sunan mai kuɗin. A saya da kuɗin da ba za a nema gobe da safe ba. Wanda ya cika waɗannan huɗu, in Allah ya yarda ƙasa za ta riƙe masa amana, ta riƙe wa ƴaƴansa. Wanda yake da tambaya game da takardu, ya fara da maigarinsu ko sakataren Kofo na kumin ɗinsu. Ku kuma da kuka karanta, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku tura wa na waje. Allah ya sa mu gama lafiya, ya ba mu damina mai albarka.